A gida salihi ne, amma da ya kama sitiyari sai in kasa gane mijina

Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga wani ƙauye a tsakanin Ringim da Taura, kuma don Allah a sakaya sunana. Shekararmu 9 da aure, Allah ya ba mu 'ya'ya uku. Maigidana direba ne, yana jan Golf ɗin yayansa. Ran Lahadi ya yi Gujungu, ran Alhamis Maigatari, sauran ranaku yana lodin Kano. A gida ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ko yaro ne ya yi ɓarna, iyakarsa ya ce "Allah ya shirye ka." Idan aka samu saɓani a dangi shi ake nema ya sasanta.

Watan jiya muka je biki Gumel, ni da yara da ƙanwarsa. A hanyar dawowa, gab da magariba, wani yaro a Sharon ya wuce mu yana ta danna ham, har ya ɗan matse mu gefe. Wallahi Anti ban san mijina ya iya irin ashar ɗin da ya fito daga bakinsa ba. Ya taka mota ya bi yaron nan, muna salati yana ƙara wuta. Sai ga amalanken shanu ɗauke da kara ya hawo titi. Allah ne ya taƙaita, muka sauka gefe, ƙura ta rufe mu. Da na yi magana sai ya ce shekararsa 14 yana tuƙi bai taɓa buge ko kaza ba, kuma abin da Allah ya rubuta ba makawa. Muna isa gida ya koma mutuminsa na kullum kamar ba a yi komai ba.

Ƙanwarsa ta ce min ai haka yake a hanya, fasinjoji ma yabonsa suke yi don ba ya ɓata musu lokaci. Yanzu ɗanmu mai shekara 7 yana tura motar kara a tsakar gida yana maimaita zagin da ya ji. Anti, wanne ne mijina na gaskiya, na gida ko na hanya? In faɗa wa yayansa? Ina tsoron ya karɓe motar, da ita muke ci. In kuma na ce ba zan ƙara shiga ba, zai ce na raina shi.

Daga wata baiwar Allah.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya ƙara tsarewa. Tsoron da kika ji yana kan hanya, kuma kada ki bari kowa ya ce miki rakin mata ne. Kina riƙe da yara a bayan mota, kina kallon amalanke yana matsowa, ba ki da birki ba ki da sitiyari. Duk wadda ta shiga wannan hali dole abin ya tsaya mata a rai.

Bari in fara da tambayar da na ga ta fi hana ki barci. Mutumin da kika zauna da shi shekara 9 bai yi miki ɓoyon hali ba. Ba a yin haƙurin ƙarya na shekara 9 a gida mai yara uku, da talauci da rashin lafiya da duk abin da zaman aure ya ƙunsa. Na gidan shi ne mijinki. Na hanyar ma shi ne, sai dai a can an cire masa abubuwan da suke taimaka masa ya riƙe kansa, an kuma ɗora masa wasu da suke ingiza shi. Idan kika gane waɗannan abubuwa za ki san ta inda za ki ɓullo, domin yawancinsu ana iya taɓa su.

Ki duba yadda zamanmu na ƙauye yake. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, duk wanda mijinki ya gamu da shi ya san shi, ya san ubansa, ya san gidan da ya yi aure. Ido yana kansa, nasa kuma yana kan mutane. Ko ransa ya ɓaci, kafin magana ta fito ya riga ya ga fuskar wanda zai faɗa wa, ya tuna gobe za su haɗu a wurin jana'iza ko ɗaurin aure. Ki ɗauki kasuwar Gujungu ran Lahadi, lokacin da ta cika ta batse. Wani ya taka miki ƙafa, ya waiwayo, ya ce "ayya, yi haƙuri," ki ce "ba komai," magana ta mutu a nan. Kin ga fuskarsa, kin ga ba da gangan ya yi ba. A kan titi babu wannan. Wanda ya matse ku ba shi da fuska a wurin mijinki, bayan mota kawai ya gani. Ko da yaron ya so ba da haƙuri ba shi da ta yadda zai yi, abin da ke hannunsa ham ne, shi kuma ham ko da sallama aka nufa da shi kunne zagi yake ji. Shi ma mijinki yana cikin ƙarfe da gilashi, yana jin ba wanda ya san shi, kuma nan da minti ɗaya kowa ya kama gabansa. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa idan mutum ya ji ba a gane shi, abin da kunya take dannewa yana samun hanyar fita. Ba direbobi kaɗai ba, haka ake gani a wurin masu zagin mutane a Facebook da sunan da ba nasu ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da kowannenmu yake da ita. Idan mu muka yi kuskure muna da dalili: ina sauri ne, ban gan shi ba, rami na kauce wa. Idan wani ne ya yi, sai mu ce halinsa ne, ba shi da tarbiyya, ya raina mutane. Na tabbata mijinki ya sha matse wasu a hanya ba tare da ya nufe su da komai ba, har ya manta. Amma da aka yi masa, nan take zuciyarsa ta yanke hukunci cewa raini ne. Sannan ki lura da wanda ya yi: yaro, ga kuma iyalinsa a mota suna gani. A shekarar 1968 wasu masu bincike biyu, Doob da Gross, sun yi wani gwaji a Kalifoniya ta Amurka. Sai su tsaya da mota a wurin danja, idan ta ba da hannu su ƙi tashi, su ga yadda na baya zai yi. Idan tsohuwar mota ce, mutane sun fi yawan danna ham kuma sun fi saurin dannawa. Idan sabuwa ce mai tsada sai a ɗaga mata ƙafa. Wato ko a cikin fushin hanya mutum yana auna wanda ke gabansa. Da wata babbar jif mai baƙin gilashi ce ta wuce ku a ranar, da wuya ya bi ta. Wannan yana nuna miki abu mai muhimmanci: fushin bai fi ƙarfinsa ba, yana iya riƙe shi idan ya ga dalili. Abin da ya taɓu a ranar girmansa ne. Mutumin da ake girmamawa a gari, ake kira sulhu, sai ga wani yaro ya watsa masa ƙura a gaban matarsa. Ban ce ya yi daidai ba. Ina nuna miki inda ciwon yake ne don kada ki fama shi lokacin da za ki yi masa magana.

Sai batun shekara 14 ba tare da haɗari ba. Na yarda ya iya mota, kuma ki yarda da shi a kan wannan. Matsalar ita ce kusan kowane direba haka yake ji game da kansa. A 1981 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Ola Svenson, ya tambayi masu tuƙi su auna ƙwarewarsu da ta sauran. A cikin Amurkawan da ya tambaya, kashi 93 cikin 100 sun sa kansu a rabin da ya fi iyawa, 'yan ƙasarsa kuma kashi 69. Lissafi ba zai yarda da haka ba, rabi rabi ne. Dalilin shi ne hanya ba ta hukunta mutum a duk lokacin da ya yi ganganci. Direba zai sha gaban tirela a kwana ya wuce lafiya, gobe ya sake ya wuce lafiya, sai zuciyarsa ta rubuta masa cewa gwaninta ce. Ba ta ƙirga masa sau nawa na gaba ne ya rage gudu ya ba shi hanya, ko sau nawa Allah ya sa babu kowa a kwanar. Ga fasinjoji suna zuga shi, musamman 'yan kasuwa masu son su riski ciniki da wuri. Mutumin da ake yabo kullum a kan abu, da wuya magana ɗaya ta matarsa ta rushe masa shi, balle a lokacin da jikinsa yake rawa don ya tsorata. Ina kyautata zaton ya tsorata a ranar fiye da yadda ya nuna miki. Maza da yawa idan sun firgita a gaban iyali sai abin ya fito musu a siffar faɗa.

Yanzu ga abin da ban gani a wasiƙarki ba, wanda nake ganin shi ne gindin maganar: kuɗi da barci. Nawa ne balas ɗin da yake kai wa yayansa, kullum ne ko mako-mako? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 rayuwar direban haya ta sauya. Mai ya ninka, kayan gyara sun ninka, fasinja kuma ba ya iya biyan ninkin. Direba yana fita da asuba da bashi a wuyansa: kuɗin mai, kuɗin tasha, na ɗan kamasho, abin da ake miƙawa a shingaye, balas ɗin mai mota, sannan abin da ya rage shi ne cefanenku. Shi ya sa za ki ga Golf ta ɗauki huɗu a baya, biyu a gaba, but ɗin a buɗe an ɗaure buhuna da igiya, direban ya karkace rabin jikinsa a jikin ƙofa. Duk motar da ta wuce shi a hanya, a lissafinsa, ta riga shi shiga layi a tasha ko ta kwashe fasinjan da ke tsaye a bakin titi. Mutumin da ya yi shekaru yana kallon kowace mota a matsayin mai ƙwace masa abinci, ko ranar da ya ɗauko iyalinsa daga biki jikinsa ba zai san yau hutu ba ne.

Barci kuwa ya fi ƙarfin jarumta. Binciken da aka yi a Ostareliya ya nuna cewa wanda ya kai awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha abin maye. Ki lissafa da kanki. Idan ya tashi ƙarfe 4:30 na asuba don ya kama layi, ƙarfe 9:30 na dare ya cika awa 17. Ran Alhamis ƙarfe nawa yake dawowa daga Maigatari? Kuma tun kafin gyangyaɗi ya zo, abin da gajiya take fara cinyewa shi ne haƙuri. Ke kanki kin san yadda kike ji da yara ranar da goyo ya hana ki runtsawa.

Zan ba ki wasu alƙaluma, ba don ki je ki karanta masa kamar malamar makaranta ba, sai don ki san ƙasar da kike takawa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya ga amalanke, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta tashi daga totur ta sauka a birki, an riga an cinye wannan tazarar ko fiye. Bayan an taka birkin ma, nisan da mota take ja kafin ta tsaya ba ya tafiya daidai da gudu: idan aka ninka gudu sau biyu, nisan yana ninkuwa sau huɗu. Mai gudun 120 yana buƙatar fiye da ninki biyu na filin da mai gudun 80 yake buƙata. Me ake samu a madadin haka? A tafiyar kilomita 60, mai gudun 80 zai yi minti 45, mai 100 minti 36, mai 120 minti 30, idan ma hanyar babu rami babu shinge babu ƙauye. Daga 100 zuwa 120 ribar minti 6 ce, ga ƙarin man da mota take sha da tayoyin da suke cinyewa. Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ga motocin haya ita ce 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 90 a tagwayen hanya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya duk shekara, kuma haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ɗanki mai motar kara yana cikin wannan rukuni. Hanyoyinmu na karkara kuma suna da nasu: amalanke ba shi da fitila, garken shanu ba ya jin ham, yara suna tsallakawa daga gona, kuma magariba ita ce lokacin da duk suke komawa gida a daidai sa'ar da ido ya fi rauni.

Maganar ƙaddara gaskiya ce, kuma ba ke za ki yi jayayya da shi a kanta ba. Amma shi da kansa yana duba mai da ruwa kafin ya tayar da mota, bai taɓa cewa abin da Allah ya rubuta injin zai yi ba. Ya zo a Bukhari cewa ranar da aka taso daga Arfa, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ji mutane a bayansa suna tsawa suna dukan raƙuma, sai ya yi musu nuni da bulalarsa ya ce su lizimci natsuwa, domin aikin alheri ba a gaggawa yake ba. Masu abin hawa ya yi wa wannan magana. Kuma shari'a ba ta bar wanda ya kashe rai bisa kuskure haka nan ba, ta ɗora diyya da kaffara, wadda a zamaninmu azumin wata biyu ne a jere. Da an buge mai amalanken nan, wani magidanci ne da ake jira da tuwon dare, kamar yadda kike jiran naki. A nan ne ba zan nema wa mijinki uzuri ba. Gajiya da balas da zugar fasinja sun bayyana yadda aka yi ya kai can, amma bin mota don huce haushi da yara uku a baya zaɓi ne, kuma shi ya yi shi.

To, yaya za ki yi? Kada ki tayar da maganar a mota, kada a gaban ƙanwarsa, kada kuma a daren da ya dawo a gajiye. Ki nemi ranar da bai fita ba, ya ci ya huta, yara suna waje. Kada ki fara da tuƙinsa, domin nan ne ya kafa katanga. Ki fara da kanki da kuma ɗansa. Ki ce masa wani abu kamar haka: "Baban yara, tun ranar Gumel ban ƙara samun barci mai daɗi ba. Na san ka iya mota, ba wannan nake nufi ba. Amma na ga ranka ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa gani ba, na ji tsoron in rasa ka." Sai ki yi shiru ki bar shi. Idan ya yi faɗa kada ki biye masa, maganar ta shiga. Sannan ki faɗa masa abin da yaron yake yi a tsakar gida, ba da sigar gori ba. Idan ma ya ji da kunnensa ya fi. Uban da iyakarsa "Allah ya shirye ka," ya ji ashar ɗinsa a bakin ɗansa mai shekara 7, ina ganin wannan zai yi masa aikin da wa'azin wata guda ba zai yi ba. Shi kuma yaron kada ki dake shi, kada ki ce masa babansa mugu ne. Ki ce masa wannan kalma ba a faɗinta a gidan nan, ranar Baba ransa ne ya ɓaci, shi ma bai ji daɗi ba.

A wani zaman daban ki tambaye shi harkar motar, tambayar mai son sani. Nawa yake kaiwa, nawa yake ragewa, wace rana ce ta fi wahala. Mata da yawa ba su san wannan lissafi ba, mazan kuma suna jin nauyin faɗa. Idan ya fito miki da cewa balas ɗin ya yi masa yawa, kin samu bakin zaren. A nan ne yayansa zai shigo, kuma shi mijinki ne ya kamata ya je da ƙafarsa, a matsayin ƙani da ke neman sauƙi. Yayan ma yana da abin da zai duba. Motar dukiyarsa ce, mai yiwuwa ita ce jarinsa gaba ɗaya, kuma ya fi kowa asara idan ta dawo a bayan janwe. Mai mota mai hankali ya gwammace a rage masa wani abu a balas, ko a mayar da shi na mako maimakon na kullum don ranar da babu ciniki ta jingina da ranar kasuwa, da a ce ƙaninsa yana ƙure maleji don ya cika masa. Ke ma ki duba ta wajenki. Idan akwai buƙatun da za su iya jira, ki nuna masa cewa ranar da ya dawo da kaɗan ba zai tarar da fuska a ɗaure ba. Ban ɗora miki laifin komai ba, amma direban da ya san gida lafiya ko da sawu ɗaya ya yi, ƙafarsa tana sauƙi a kan totur.

Kai ƙara wurin yaya a ɓoye kuwa ban ba ki shawararsa yanzu ba. Zai ji kin tona masa asiri a wurin wanda yake ci a ƙarƙashinsa, kuma abin da kike tsoro na karɓe mota zai iya faruwa ba tare da an gyara komai ba, don zai nemi ta wani ya ci gaba. Idan maganarki ba ta kama ba, akwai matakala kafin nan. Mahaifiyarsa idan tana raye, domin "don Allah ka tafi a hankali" daga bakin uwa tana da nauyin da taki ba ta da shi. Ko amininsa. Ko wani dattijon direba a tasharsu wanda ya ga jiya ya ga yau, irin waɗanda suka sha ɗauko gawar abokan aikinsu daga bakin hanya. Direba ya fi jin maganar direba. Limamin garinku ma zai iya taɓo haƙƙin hanya a karatu ba tare da ya kama suna ba, tunda ba mijinki kaɗai ke tuƙi a garin ba.

Akwai abin da zan faɗa da taka-tsantsan. Wasu direbobi da 'yan acaɓa suna shan ƙwaya irin su tiramadol, ko gadagi, don su kore barci su jure aiki, kuma waɗannan suna sa mutum ya ji ba abin da zai same shi. Ban ce mijinki yana sha ba, kuma yadda kika siffanta shi a gida bai yi kama da haka ba. Kada ki tuhume shi, kada ki shiga laluben aljihunsa. Ki dai lura: ya daina cin abinci sosai, yana kasa barci duk da gajiya, yana tashi da jin haushi har sai ya fita? Idan kin ga irin wannan, magana ta koma ta asibiti da ta manyansa, ba taki ke kaɗai ba.

Game da shiga motarsa, kina da haƙƙin kare kanki da yaranki, kuma ana iya yin haka ba tare da an ce "ba zan shiga ba." Ki nemi alkawari a kan abubuwa ƙanana da zai iya cikawa. Idan da iyali ne, a taso da wuri a iso kafin magariba, ko da za a bar biki bai watse ba. Yara a baya, ba a cinyar na gaba ba. Ke da shi ku ɗaura bel, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Kada ya wuce 80. Sannan ku yi yarjejeniya tun a gida cewa idan kika ce "mu tsaya yara su sha ruwa," zai tsaya ba tare da tambaya ba. Wannan yana ba shi hanyar sauka daga fushi ba tare da ya ji an kayar da shi a gaban mutane ba, kuma minti biyar a gefen hanya sun isa wancan ya ɓace, jini ya kwanta. Ihu da salati da ƙarfi a kunnen mai fushi, ko da yake ba laifinku ba ne, sau da yawa ƙara rikita shi suke yi. Murya ƙasa-ƙasa, da kiran sunan ƙaramin yaronku, ta fi saurin dawo da shi. Shi kuma idan ya karɓi magana, abin da zai riƙa yi a ransa mai sauƙi ne: duk motar da ta ɓata masa rai ya ɗauka wani ya sani ne a ciki, ko mai kai mara lafiya asibitin Ringim, ya yi a'uziyya ya ba ta hanya. Sau da yawa ma hakan ne gaskiya.

Idan ya ɗauki alkawarin ya karya, ya sake bin wata mota da yara a ciki, to daga nan ki daina sa su a motar, ki faɗa masa dalili a fili cikin ladabi, ki bi motar tasha ko ki haƙura da zuwa. A lokacin ne kuma za ki sami mahaifiyarsa ko yayan, da saninsa, ki ce masa "zan faɗa wa Yaya, don na fi son ka yi fushi da ni kana raye." Ki ajiye lambar 122 a wayarki da tasa, ita ce ta kiran gaggawa ta jami'an kiyaye haɗurra.

Kada ki sa ran zai sauya a mako guda, halin shekara 14 ne, kuma tasha za ta ci gaba da ja masa baya. Ki lura da ƙananan alamu, kamar ya fara kwana a Maigatari idan dare ya yi masa maimakon ya taho, ki kuma yaba masa idan kin gani. Ki sake rubuto min bayan kun yi maganar balas ɗin, ki gaya min nawa ne da kuma ƙarfe nawa yake kwanciya, sai mu ga abin da ya dace a nema a wurin yayan. Allah ya tsare mana shi, ya tsare waɗanda yake ɗauka, ya ba ku zaman lafiya.